Walimar Ma'aikata: Yadda Za Ki Riƙe Baƙinki Har A Tashi

'Yan'uwana mata, zancenmu na wannan mako a kan walimar nan ne da ma'aikatan wuri ɗaya kan shirya a lokacin hutu. A ƙasashen Turawa kamfani ne ke tara ma'aikatansa a watan Disamba, gab da Kirsimeti. Mu kuwa a nan ƙasar Daura akan yi ta ne bayan Ƙaramar Salla ko Babba, galibi a gidan shugaban wurin aiki. Maza suna zaure ko ƙofar gida, mata suna ciki. To, uwargida, wannan taro na cikin gida a wuyanki yake.

Ki ɗauki gari kamar Babban Mutum, a ƙaramar hukumar Baure. Gari ne na bakin iyaka, a kan hanyar Magarya da Damagaram. Akwai ma'aikatan kwastan da na shige da fice, ga malaman makaranta, ga na asibiti. Da yawansu aiki ne ya kawo su daga nesa. Saboda haka matan da za su zauna a tabarmarki ba lalle ne sun san juna ba. Mazansu ne abokan aiki, su kuwa baƙin juna ne.

Abin da yakan faru kin san shi. A gaisa, a yi shiru. Waɗanda suka san juna su ware gefe suna raɗa, sauran kowace ta sunkuyar da kai kan wayarta. Da an ci abinci sai ki ji ana "Bari mu koma, mun bar yara." Kada ki ɗauki wannan ƙaramin abu. Matar masinja ko ta direba da aka bari a bakin ƙofa ba mai kula ta, za ta koma gida ta gaya wa mijinta. Shi kuwa da maigidanki za su yi shekara suna haɗuwa kowace safiya. Shimfiɗar fuska, in ji Hausawa, ta fi ta tabarma.

Maganin abin yana nan kusa da mu. Dubi hawan Salla a birnin Daura, ko hawan Magajiya, ko Sallar Gani a watan Rabi'ul Awwal. Mutane sukan daɗe tsaye cikin rana ba su kosa ba. Me ya sa? Domin ba a sakin dawakin duka lokaci guda. Wannan hakimi ya wuce da jama'arsa, wancan ya biyo, kowa kuwa yana dakon ganin Sarki. Haka za ki yi da walimarki. Kullum ya zama akwai abin da ake jira a gaba.

Fara da abinci. In an kira taro ƙarfe 2 da rabi, bayan Azahar, a tari baƙuwa da ruwan sanyi da zoɓo ko kunun aya, da ɗan dabino. Babban abinci, watau tuwon shinkafa da miyar taushe, ko waina, ko dambu, a dakata da shi sai an sallaci La'asar. Su alkaki da nakiya da dubulan kuwa na ƙarshe ne, a ƙulla wa kowa ta kai wa yara. In kika fito da su gaba ɗaya da fari, ke da kanki kika sallami baƙinki. Amma fa kada jiran ya yi tsawo har yunwa ta kama mutane, musamman masu goyo da tsofaffi. Su a ba su nasu da wuri.

Na biyu, wurin zama. Kada ki jera mutane bisa ga girman mazansu a ofis. Tun kafin ranar ki tambayi maigida sunayen matan da garuruwansu. In baƙuwa ta shigo, ki kama hannunta ki kai ta wurin wadda ba ta sani ba, ki ce, "Hajiya, ga ƙanwarki, ita ma ɗinki take yi." Kin ba su bakin zaren hira ke nan. Wadda ba ta jin Hausa sosai, ki zaunar da ita kusa da 'yar makaranta mai jin Turanci.

Na uku, ki ba kowa abin yi. Mace ba ta gundura da taron da take da hannu a ciki. Wannan ta raba goro, waccan ta kula da turaren wuta, wata ta yi addu'ar buɗe taro. Sai dai ki lura, kada aikin ɗauke kwanuka ya faɗa kan matan ƙananan ma'aikata kaɗai, domin a nan ne ake jin ciwo.

Tsakanin isowa da La'asar, a yi abin da kowa zai sa baki. Ki raba mata gida biyu, ki cakuɗa manya da ƙanana, a yi kacici-kacici. "Shanuna dubu, maɗaurinsu ɗaya." Wadda ta ce tsintsiya ta ci. Ko kuwa wata ta faɗi rabin karin magana, ɗaya gidan su ƙarasa. Tukuicin ba sai mai tsada ba, sabulu ɗaya ya isa. In akwai Bafulatana da Babarbariya, ko Bakanuwa da Bazazzagiya, wasan da ke tsakaninsu zai sa kowa dariya, muddin ba a taɓa mutunci ba. Bayan an ci abinci jiki yakan mutu, sai a nemi dattijuwa mai baki ta ba baƙi labarin Bayajida da Daurama da macijin rijiyar Kusugu. Sa'an nan a roƙi baƙin su ma su faɗi yadda ake biki a garuruwansu. Nan za ki ga mai shiru ta buɗe baki.

Ga abubuwa uku da ke kashe taro. Dogon jawabi: naki kada ya wuce minti 5. Ƙarar kiɗa ta lasifika: in mutum ba ya jin na kusa da shi, hira ta mutu. Sai zancen ofis, watau wa aka ƙara wa girma, wa za a canja wa wurin aiki. Da kin ji an nufi can, ki juya akalar da fara'a. Kada kuma ki tilasta wa mai kunya ta tashi ta yi wasa. Wata kallon ma ya ishe ta.

Ku kuma 'yan makaranta, ranar nan ku ne hannun daman iyayenku. Ku kwashe yara ku kai su gefe, ku yi musu gaɗa da tatsuniya. Uwar da ta ga ɗanta yana wasa, hankalinta a kwance yake, ba ta kuwa gaggawar tafiya.

Daga ƙarshe, ki san lokacin tashi. Gara a watse ana marmari da a watse an gaji. Kafin Magariba da kamar rabin awa, a yi addu'a, a raba ƙullin yara, ki raka kowace baƙuwa har soro, ki kira sunanta ki gode mata, babba da ƙarama duk ɗaya. In kin yi haka, baɗi ba sai an yi ta aike ba, da kansu za su tambayi ranar.

Allah ya ba mu zaman lafiya da maƙwabtanmu, amin. Sai mako mai zuwa.