Tirela Ta Tashi, Wa Ya Rage a Gida?

Duk wanda ya taɓa kwana a Mubi ranar cin kasuwar shanu ya san yadda tireloli ke jeruwa a bakin tike, ana kora shanu suna hawa, wasunsu tun daga Chadi da Kamaru aka taso su. Kafin gari ya waye motocin sun wuce Mararraba, sun nufi Hong da Gombi da Song. Wasu Legas za su, wasu Anacha, wasu Fatakwal ko kasuwar Lokpanta ta jihar Abiya. Dillali kawunan shanu yake ƙirgawa. Amma kowace mota ta tashi, akwai gidan da ya koma hannun mace da yara, kuma maigidan kansa ba zai iya yanke ranar dawowarsa ba.

A irin wannan gida nake zaune a Kolere. Yayana direban tirela ne, daga yaron mota ya fara har ya kama sitiyari. Ni ne ƙanen da ake ƙwanƙwasa wa ƙofa da tsakar dare in nemo Keke idan naƙuda ta tashi, ni ake aikawa makaranta idan an ce kowane yaro ya zo da ubansa.

Mutane kan ɗauka nisan hanya ne ke raba direba da iyalinsa. Nisan yana nan, don daga Mubi zuwa Legas ya haura kilomita 1,500. Sai dai tafiyar zuwa ita ce mai sauƙin lissafi. Mai ɗauke da shanu ba ya tsayawa sai dole, domin dabba a mota ba ta samun ci da sha yadda ya kamata, kuma idan ɗaya ta faɗi sauran za su tattake ta. Shi ya sa masu rakiyar shanu ke zaune a saman bodi dare da rana suna tayar da wadda ta durƙusa, direba kuma yana cin goro yana korar barci. Cikin 'yan kwanaki an sauke kaya.

Dawowa ce ba ta da rana. Mota ba ta juyowa wayam, balle tun 2022 da kuɗin gas ya yi tashin gwauron zabi. Dole direba ya zauna a gareji yana jiran 'yan kamasho su samo masa lodi, ko siminti, ko taki, ko fulawa. Jiran kan kai mako. Idan lodin ya samu, ba lallai ba ne ya zama na Adamawa: sai a ce Kano za a kai, daga Kano a sami na Maiduguri. Ga lalacewar mota a dajin da ba bakanike. Ga shingaye da masu karɓar haraji a kan iyakar kusan kowace jiha. Wanda ya sauke kaya a kudu maso gabas kuma ya ga yadda daga Agustan 2021 aka mayar da ranar Litinin ta zaman gida a garuruwa da dama, har direbobi suka daina kuskura su tayar da mota a ranar. A ƙarshen Fabrairun 2021, bayan rikicin kasuwar Shasha a Ibadan, ƙungiyar fataken abinci da shanu ta dakatar da kai kaya kudu, motoci suka yi cirko-cirko a Jebba. Duk waɗannan a kan iyali suke ƙarewa. Matar Yaya ta daina tambayarsa yaushe zai dawo, sai dai ta ce, "Maigida, an samu lodin?"

Su kuwa al'amuran gida kowanne da wa'adinsa. Ɗaurin aure ana sa rana tun da watanni, saukar Alƙur'ani ma haka, direba mai tsari yana iya kewaye su. Haihuwa kwana bakwai take bayarwa kafin suna, kuma kwana bakwai kaɗan ne ga wanda ke Legas yana jiran lodi. Na taɓa yi wa ɗan Yaya huɗuba a kunne, na tsaya aka yanka rago, shi kuwa ta waya ya faɗa wa liman sunan da yake so. An yi komai bisa ƙa'ida, sunan ya raɗu. Amma na ga fuskar mai jego lokacin da 'yan barka ke tambayar ina angon ƙarni, kuma ban manta ba.

Mutuwa ko yini ba ta bayarwa. Da mahaifinmu ya rasu da asuba, kafin azahar an kai shi makwancinsa, Yaya yana wajen Lokoja da kayan mutane a bayansa. Inna ta kira ni ta ce, "Ka faɗa wa yayanka kada ya yi gudu. Wanda ya tafi ya riga ya tafi." Zaman makoki ya tarar. Har yau idan ana hirar jana'izar, tashi yake ya ba da wuri.

Sai Babbar Sallah, lokacin da aikin ya fi tsada kuma gida ya fi bukatar mai shi. Makonnin da ke gabanta ne ake kwasar raguna da shanu zuwa kudu ba ƙaƙƙautawa, kuma da abin da direba ya samu a lokacin yake ɗinka wa yara kaya, ya sayi nasa ragon. Sau da yawa ragon yana ɗaure a Kolere, mai shi yana sallar idi a garejin Legas. Abokan aikinsa Kiristoci ma haka Kirsimeti ke riskar su a hanya.

Mutanen Mubi sun ga mafi munin wannan rabuwa a ranar 29 ga Oktoba 2014, da Boko Haram suka shiga garin. Mata suka goya yara suka bi duwatsu da ƙafa, wasu suka tsallaka Kamaru, wasu suka gangara Yola, waya kuma ta yi wuyar shiga. Direban da ke kudu a ranar bai san inda zai nufa ba. An ƙwato garin a tsakiyar Nuwamba, amma tun daga nan duk direban da na sani, kafin ya tashi sai ya bar wa iyalinsa kuɗin gudun ko-ta-kwana da sunan gidan da za a haɗu.

Wayar salula, da ta shigo ƙasar nan a 2001, ta rage zafi sosai. A da sallahu ake ba wani direba ya kawo, kuɗin cefane a naɗe cikin takarda. Yanzu a turo ta asusu a cira wurin mai POS, da dare a ga juna ta WhatsApp. Amma Bahaushe ya ce zumunta a ƙafa take. Waya ba ta ɗaukar yaro mai zazzaɓi zuwa asibiti, ba ta ganin abokan da saurayi ya fara bi. Abin da ya fi damuna shi ne yadda uba ke zama baƙo a gidansa. Ya dawo da doya da manja da burodi, yara su yi ta tsalle, ba ya son ɓata 'yan kwanakinsa da faɗa. Uwa ce ke tsawatarwa kullum, don haka ita ce muguwa a idon yara. Ga ta kuma da bakin unguwa, ko kasuwa ta fita sai an tanka. Ba zan ɓoye laifin wasu direbobin ba: akwai mai yin aure a inda yake sauke kaya ba da sanin uwargida ba, ya raba abin da ko gida ɗaya bai isa ba. Wannan zalunci ne, sana'a ba ta zama masa hujja.

Yaya yana iya ƙoƙarinsa. Kafin ya tashi yakan ajiye buhun masara, ya yi magana da mai shago, idan ciki ya tsufa ya sayi ragon suna tun da wuri. Idan yana gari, shi ke raka yara Islamiyya. Amma dabarar mutum ɗaya tana da iyaka, domin makullin ba nasa ba ne. Da yawan direbobi da tafiya ake biyansu, wanda bai tashi ba bai samu ba. Sannan akwai tsoron da ya fi wannan: ka ce wa mai mota za ka zauna sati biyu matarka ta kusa haihuwa, ya miƙa makulli ga wani, ka dawo ka tarar ba ka da mota.

A Tarayyar Turai doka ce ta raba wannan gardama. A ƙa'ida direba awa tara yake tuƙi a yini, ya huta minti 45 bayan kowace awa huɗu da rabi, kuma tun 2020 wajibi ne kamfani ya tsara aiki yadda zai iya komawa gida cikin kowane mako huɗu. Hanyoyinmu da cinikinmu ba irin nasu ba ne, shanu kuma ba sa jira. Amma direba biyu a mota ɗaya abu ne mai yiwuwa a nan, kuma kuɗinsa bai kai asarar tirelar da barci ya kifar da shanu a cikinta ba.

Kirana ga masu motoci na Mubi da shugabannin ƙungiyoyin sufuri na NARTO da NURTW shi ne su zauna su rubuta abu biyu cikin yarjejeniyar ɗaukar direba. Idan haihuwa ta gabato ko aka yi rasuwa a gidansa, ƙungiya ta ba da wanda zai karɓe shi. Idan ya dawo kuma, a mayar masa da makullinsa.