Kafin Maigida Ya Biya Kuɗin Mota

In an kwashe shinkafa da tumatir a Kadawa, magidantan Kura da Bunkure sukan shiga Kano sayen mota 'yar Kwatano. Sau da yawa har da kuɗin adashinki a ciki, saboda haka kina da ta cewa.

Kowace mota tana da lambar jikinta, wato casis. Tun 1981 haruffa da alƙalumanta 17 ne, babu I, O ko Q. Tana ƙasan gilashin gaba wajen direba, da jikin ƙofa. Na farko yana nuna inda aka ƙera ta: J Japan, W Jamus, 1 Amurka. A motocin kasuwar Amurka, na goma shi ne shekara: 5 na nufin 2005, A kuwa 2010.

Ke 'yar makaranta, kwafe wa Baba lambar, ku gwada da ta takardun kwastan. In sun saɓa, ko aka ga alamar kankara ko walda, a haƙura. Wataƙila ta sata ce, a rasa mota a rasa kuɗi.

Sayen nagari, mai da kuɗi gida.