Ranar da Igiya Ta Tsinke, da Abin da Zamfara Ta Riga Mu Gani

Ranar Alhamis 14 ga Maris, 2024, azumi yana kwana huɗu, wayoyi suka fara gardama tun da hantsi. Manhajar banki ta ƙi buɗewa, saƙo ya tsaya yana ta juyi, mai POS ya danna ya sake dannawa, daga ƙarshe ya ɗaga kai ya ce wa masu jira, "Ku yi haƙuri, babu sabis." Kafin a sha ruwa labari ya fito: manyan igiyoyin sadarwa huɗu da ke shimfiɗe a ƙarƙashin tekun Atlantika, wato WACS da ACE da SAT-3 da MainOne, sun lalace a kusan lokaci guda daura da gaɓar Afirka ta Yamma. Kwaddibuwa da Laberiya da Benin sun kusa yankewa daga duniya baki ɗaya, Gana da Burkina Faso da Najeriya da Nijar kuwa kowa ya ɗanɗana gwargwadon rabonsa.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne irin sharhin da ya biyo baya a majalisu. Da yawa cewa suke yi, "Gara ma haka, yara su huta da TikTok su kama ibada." Wasu har addu'a suke yi a daɗe ba a gyara ba. Mai wannan magana ya ɗauka intanet wurin hira ne da kallon rawa. Bai lura ba cewa albashinsa, da kuɗin cefanen da ƙanensa ke turo wa gyatumarsu daga Legas, da rajistar jarrabawar JAMB ta 'yarsa, duk kan wannan igiyar suke hawa.

Bayanin yadda abin yake ba shi da tsawo. Intanet ba a sararin sama yake ba, kamar yadda ake zato. Mafi yawansa yana bin zaren gilashi ne mai kaurin silin gashi, wanda aka naɗe aka shimfiɗa a gindin teku. MainOne, misali, daga Fotugal ta taso ta iso Legas a 2010. Daga Legas kuma wasu wayoyin ke bin gefen titi a binne har su iso Kaduna da Kano da Sakkwato, kafin ƙarfen sabis na unguwa ya miƙo maka. Kamfanin MainOne ya ce binciken farko ya nuna motsin ƙasa ne a ƙarƙashin teku ya jawo ɓarnar. Gyara sai da jirgin ruwa na musamman, wanda zai lalubo igiyar ya ɗago ta a haɗa, aikin makonni. Abin da ya rufa wa Najeriya asiri shi ne akwai wasu igiyoyin da ba su taɓu ba, irin su Glo-1 da Equiano ta Google, aka karkatar da kayan zuwa kansu.

To amma mu a Arewa ba mu da bukatar zama muna hasashen yadda rayuwa za ta kasance idan sadarwa ta ɗauke. An yi a gabanmu a 2021, kuma har mun fara mantawa.

Ranar 3 ga Satumba, 2021, hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ta umarci kamfanonin waya su kashe ƙarafan sabis a duk faɗin jihar Zamfara, bisa roƙon gwamna Bello Matawalle, domin a toshe wa 'yan bindiga hanyar magana da masu kai musu rahoto. Wannan ya fi na watan Maris muni nesa ba kusa ba, domin ba data kaɗai aka ɗauke ba, har kira da tes. Mako biyu aka ce za a yi. Gusau ba ta ga sabis ba sai farkon Oktoba, sauran jihar kuma sai wajen ƙarshen Nuwamba. Cikin watan Satumbar Katsina ta bi sahu da ƙananan hukumomi 13, Sakkwato da 14, Kaduna ma ta rufe wasu yankunanta. A daidai lokacin an rufe kasuwannin mako, an hana sayar da mai a jarka, an hana safarar shanu.

A dubi abin da ya faru da talaka. Kwanakin farko mutanen Gusau mota suke shiga su nufi Funtuwa don kawai su buga waya, su ce wa ɗan'uwa "muna nan lafiya", ko su karɓi kuɗin da aka turo. Ba a yi nisa ba Funtuwar ma ta shiga jerin garuruwan da aka rufe, tafiya ta ƙara tsawo, a kan hanyar da kowa ya san abin da ke cikin dajinta. Mutane suka koma rubuta wasiƙa a takardar littafin makaranta, a naɗe, a rubuta lambar waya a baya, a kai tasha a ba direba tare da ɗan abin goro, shi kuma in ya isa inda akwai sabis ya kira mai lambar ya zo ya karɓa. Teburan masu POS suka zama fayau. Mai cajin waya da mai sayar da kati suka rasa abin yi. An yi rasuwa, an yi jana'iza, an yi sadakar uku, ɗan mamacin yana Abuja bai sani ba. Mace ta kama naƙuda da tsakar dare, babu yadda za a kira mai mota.

Su kuma waɗanda aka yi don su? Rahotanni sun yi ta nuna cewa a yankunan da ke kan iyaka ɓarayin sun koma amfani da layukan Nijar. Wanda aka raba da waya shi ne ɗan ƙauyen da a da in ya hango babura zai kira maƙwabtan gari ya ce su watse. A tsakiyar Oktoban 2021 aka afka wa kasuwar Goronyo, ɗaya daga cikin wuraren da aka rufe wa sabis, aka kashe mutum fiye da 40. Ba na cewa gwamnonin da mugun nufi suka yi, wuta ce ta kama su suka ɗauki abin da hannu ya kai gare shi. Amma matakin da ya jefa miliyoyin mutane cikin duhu wata uku ya cancanci a zauna a yi masa hisabi a bainar jama'a: me aka samu, me aka rasa, wa ya biya.

Akwai masu cewa ai kakanninmu sun rayu babu intanet. Gaskiya ne, sun rayu, amma da tanadinsu. Akwai gidan waya a kowane babban gari, da marubuta wasiƙa zaune a bakinsa, kana faɗa suna rubutawa, da boko ko da ajami. Akwai hanyar aika kuɗi ta gidan wayar. Wanda ke Makka ko Sudan ko Kumasi yakan ɗauki muryarsa a kaset ya ba matafiyi, gida a taru a tsakar gida a saurara, a sake juyawa a saurara. Rediyon Kaduna, tun daga 1962, shi ne allon sanarwar Arewa: cigiya, rasuwa, ɗaurin aure, gaisuwar Zaɓi Sonka. Sankira da mai shela suna aikinsu a gari. Albashi kuwa a hannu ake ƙirga wa ma'aikaci.

Da wayar salula ta shigo a 2001 sai muka saki waɗannan ɗaya bayan ɗaya. NITEL ta durƙushe, wayar tebur ta tafi da ita. Gidajen waya da dama a ƙananan garuruwa sun zama kufai. Sannan hukuma da kanta ta tura mu ta rufe ƙofa: lambar BVN daga 2014, jarrabawar JAMB a kwamfuta zalla daga 2015, haɗa layi da lambar NIN daga ƙarshen 2020. A farkon 2023 aka janye takardun naira daga hannun jama'a aka ce kowa ya koma turansifa, muka ga magidanci tsaye gaban mai awo, kuɗi sun fita daga asusunsa, alat bai shigo wa mai kaya ba, shi kuma mai kaya ya riƙe mudu ya ce sai ya gani. Wanda aka yi wa haka, in sabis ya ɗauke, ba zamanin kakansa zai koma ba. Zai faɗa inda kakan nasa bai taɓa shiga ba.

Mai shakka ya dubi Sudan. A Fabrairun 2024, ana tsakiyar yaƙi, sadarwa ta ɗauke a mafi yawan ƙasar. Jama'a sun dogara da manhajar Bankak wajen karɓar taimakon dangi daga waje, kuma da ita 'yan sa-kai ke sayen abincin da suke dafa wa unguwanni a Khartum. Da manhajar ta tsaya, tukwane da yawa suka sauka daga murhu.

Saboda haka ina kira ga 'yan majalisarmu na Arewa maso Yamma, waɗanda mazaɓunsu ne suka sha wannan wuya, su daina jiran sai an sake. A yi doka da za ta fayyace wa ke da ikon rufe sadarwa, na kwana nawa, da kuma cewa ko an rufe, layin kiran gaggawa na 112 ya ci gaba da aiki. Babban Banki ya tabbatar akwai tsabar kuɗi a rassan bankuna na ƙananan hukumomi, ba a manyan birane kaɗai ba. Gwamnoni su gyara na'urorin gidajen rediyon jihohinsu masu cin dogon zango, domin rediyo mai batir biyu ba ya jiran igiyar teku. Ɗan kwangilar da ya sa katafila ta tsinke wayar sadarwa a gefen titi a sa shi ya biya. Asibitoci da makarantu kuma su ajiye rajistar takarda a gefen ta kwamfuta, don kada a sake mayar da majiyyaci gida saboda an kasa buɗe katinsa.