Tagriss daga sama: kafin kamera ta hau jirgi

Mutanen Tagriss, a gabashin Dakoro, da kunne suka fi sanin jirgin sama: ƙara ta wuce can bisa, yara su ɗaga kai, ta ɓace. Amma ƙaramin jirgi mai tafiya ƙasa-ƙasa, ɗauke da kamera, yana iya zama shaida cikin shari'ar gona da burtali.

Yankin yana daf da iyakar da dokar 1961 ta shata tsakanin ƙasar noma da ƙasar kiwo. Gonaki na turawa arewa, burtali na ƙuntata. In rigima ta kai gaban kwamitin filaye da dokar karkara ta 1993 ta tanada, kowa sai ya rantse kakansa ya fara sarar wurin. Hoto kuwa ba shi da kaka a garin. Hotunan sama na 1975 ne Gray Tappan, masani ɗan Amurka, ya gwada da na shekarun 2000, aka ga yadda itatuwa suka komo gonakin Maradi da Damagaram. A 1981 da 1982 ma, daga cikin ƙaramin jirgi hukumar CIPEA ta ƙirga dabbobin yankin kiwo na tsakiyar Nijar.

Sai dai ɗaura wa jirgi kamera ba ɗaura wa amalanke buhu ba ne. Izini biyu ake nema. Na farko na gwamnati ne, don yarjejeniyar Shikago ta 1944, a aya ta 36, ta bai wa kowace ƙasa ikon hana ɗaukar hoto daga samaniyarta ko ƙayyade shi.

Na biyu ya shafi lafiyar jirgin, kuma shi ne masu gaggawa suka fi rainawa. Kamerar da aka ɗaure ga sandar fiffike tana tare iska, tana sha girgizar inji har kusoshi su saki. In ta ɓalle, tana iya bugun wutsiya, inda linzamin jirgi yake. In kuwa aka huda cikin jirgi don ta leƙa ƙasa, an taɓa ƙashin gininsa ke nan. Shi ya sa dole injiniya mai lasisi ya auna nauyi da daidaito, ya sa hannu, hukumar jiragen sama, ANAC a Nijar, ta amince. Ma'aikacin da zai yi hayar jirgi da kuɗin wani aiki, ya nemi ganin takardar nan tun kafin ciniki, don kamfanin inshora zai neme ta ranar hatsari.

Saura matuƙi. Ƙa'idar duniya ta hana shi sauka ƙasa da mita 150 a karkara, ko mita 300 bisa gari, sai da izini na musamman. A zafin bazara iska takan yi sako-sako, jirgi ya yi nauyin tashi, ga ungulu da shirwa na shawagi bisa kasuwar dabbobi, daidai inda mai hoto ke roƙon a ƙara sauka.