Oditan Wuta: Aikin Da Ke Rage Wa Masana'antu Da Manyan Ofisoshi Asara

A ranar 3 ga watan Afrilu na shekarar 2024 ne Hukumar Kula da Harkokin Wutar Lantarki ta Nijeriya ta ba da sanarwar ƙarin kuɗin wuta ga masu amfani da ita na rukunin farko, wato waɗanda aka yi wa alkawarin samun wuta aƙalla awa 20 a kowace rana. Farashin yunit ɗaya, ma'ana kilowat ɗaya na tsawon awa guda, ya tashi daga wajen naira 68 zuwa naira 225. Masana'antu da asibitoci da jami'o'i masu yawa sun sami kansu cikin wannan rukuni, a daidai lokacin da litar man dizal da suke zuba wa janareto ta riga ta haura naira 1,000.

Da irin wannan ƙari ya zo, abin da aka saba gani shi ne a rubuta takardar koke, ko a rage ma'aikata, ko kuma a fara lissafin sayen farantan hasken rana. Ba kasafai mai masana'anta ko babban sakataren ma'aikata yakan tsaya ya tambayi inda wutar da yake biya take zuwa ba. Alhali kuwa akwai sana'a sukutum da aka gina a kan wannan tambaya, kuma ta shafe shekara 50 tana ci a ƙasashen da suka ci gaba. Masu yin ta injiniyoyi ne masu ba da shawara kan tsimin makamashi. Ma'aikacin gwamnati zai fi saurin gane aikinsu idan aka kira su oditocin wuta, domin yadda odita yake bin takardun kuɗi ya gano inda kwabo ya zurare, haka su ma suke bin waya da bututu su gano inda wuta da mai suke tsiyayewa.

Asalin sana'ar ya samo tushe ne daga rikicin man fetur na shekarar 1973, lokacin da ƙasashen Larabawa suka hana sayar da mai ga ƙasashen da suka mara wa Isra'ila baya a yaƙin watan Oktoba. Cikin 'yan watanni gangar mai ta tashi daga wajen dala 3 zuwa kusan dala 12. Ƙasar Japan, wadda kusan duk man da take ƙonawa daga waje take sayo shi, tana cikin waɗanda suka fi jin jiki. A shekarar 1979 ta kafa dokar tsimin makamashi, wadda ta wajabta wa manyan masana'antu su naɗa jami'i mai takardar shaida wanda aikinsa shi ne lura da wuta da man da ake ƙonawa. A Amurka kuwa, a shekarar 1976 gwamnati ta fara wani shiri inda malaman jami'a da ɗalibansu na fannin injiniya suke shiga ƙanana da matsakaitan masana'antu su yi musu bincike kyauta. Mai masana'anta ya sami rahoto, ɗalibi kuma ya koyi aiki a gaban inji maimakon a kan allo. A shekarar 2011 Ƙungiyar Daidaita Ma'aunai ta Duniya ta fitar da ƙa'ida mai lamba ISO 50001, wadda ta tsara yadda kamfani zai riƙa auna makamashinsa, ya sa wa kansa mizani, ya kuma duba sakamako kowace shekara.

Oditan wuta na gaskiya ba ya fara aiki da sayar da kaya. Yakan fara ne da neman takardun kuɗin wuta da rasiɗan mai na shekara ɗaya ko biyu, ya jera su kusa da lissafin kayan da masana'antar ta sarrafa a kowane wata. Daga nan ne zai fitar da adadin da ya fi kowane muhimmanci, wato yunit nawa ake ƙonawa kafin a sami yadi ɗaya na atamfa, ko buhu ɗaya na fulawa, ko tan ɗaya na man gyaɗa. Idan wannan adadi yana hawa da sauka ba tare da dalili ba, to, akwai ɓaraka. Bayan haka sai ya ɗaura na'urorin awo a kan manyan layukan wuta ya bar su kwana bakwai ko fiye, dare da rana. Sau da yawa abin da yake ba masu masana'anta mamaki shi ne awon daren Lahadi, lokacin da babu ma'aikaci ko ɗaya a ciki sai maigadi, amma mita tana ta gudu.

Wuraren da asara take ɓuya a masana'anta sanannu ne ga masu wannan aiki. Injunan lantarki masu juya famfuna da fankoki da sauran kayan aiki su ne suke shanye wajen kashi biyu cikin uku na wutar da masana'antun duniya suke amfani da ita. Da yawansu an saye su sun fi ƙarfin aikin da aka ba su, sai a bar inji yana gudu iya ƙarfinsa, a koma a matse bakin bututu don rage ruwan da yake turowa. Wannan daidai yake da direban da ya take totur har ƙasa, sa'an nan yake daidaita gudun motarsa da birki. Ilmin injiniya ya nuna cewa idan aka rage gudun famfo ko fanka da kashi 20 cikin 100, wutar da yake ci tana iya raguwa da kusan rabi, kuma akwai na'urar da ake ɗaura wa inji don ta yi wannan aiki.

Sai kuma iskar da kwamfuresa take matsawa cikin bututu don sarrafa injuna. Ma'aikata sukan ɗauke ta tamkar kyauta ce, har su riƙa kakkaɓe ƙurar tufafinsu da ita in an tashi aiki, alhali tana cikin makamashi mafi tsada a masana'anta. Ma'aikatar Makamashi ta Amurka ta ƙiyasta cewa a masana'antar da ba a kula da bututunta, kashi 20 zuwa 30 cikin 100 na wannan iska ta mahaɗar bututu da tsofaffin robobi take ficewa. Maganin kuwa sau da yawa bai wuce sifana da sabuwar roba ba. Haka nan tukunyar tururi, wadda masaƙu da kamfanonin man gyaɗa ba sa aiki sai da ita: bututun da aka bari tsirara babu abin rufi yana dumama sararin ɗaki ne da man da aka saya da tsada. Shi kansa janareto, wajen kashi ɗaya cikin uku kawai na ƙarfin man da ya sha yake mayarwa lantarki, saura ya tafi a zafi da hayaƙi, kuma lamarin yakan ƙara muni idan babban inji ne aka ɗora wa ɗan ƙaramin kaya.

Wannan ba ƙaramin al'amari ba ne ga unguwannin masana'antu irin su Bompai da Sharaɗa da Challawa a Kano, ko Kakuri a Kaduna. Masaƙun da suka rufe a Kakuri cikin shekarun 2000 sun bar dubban magidanta babu aiki, kuma tsadar wuta da baƙin mai tana cikin dalilan da aka bayar, tare da kwararowar atamfofin fasa-ƙwauri. Tsimin wuta kaɗai da bai cece su ba. Amma masana'antar da ta rage a raye yau, ita kaɗai ce take da iko a kan yunit nawa take ƙonawa, tun da farashin yunit ɗin ba a hannunta yake ba.

Game da tsofaffin gine-gine kuwa, misalin da masana suka fi ambata shi ne na dogon benen nan na birnin New York mai suna Empire State, wanda aka buɗe a shekarar 1931, mai hawa 102. A shekarar 2009 mai kula da ginin, Anthony Malkin, ya ba da sanarwar wani shiri da ya haɗa kamfanonin Johnson Controls da Jones Lang LaSalle da cibiyar Rocky Mountain da kuma gidauniyar tsohon shugaban Amurka Bill Clinton. Ƙwararrun sun tattara dabaru fiye da 60, suka auna kuɗin kowace da amfaninta, suka zaɓi 8 kacal. Burinsu shi ne rage makamashin ginin da kashi 38 cikin 100, abin da zai ajiye wa masu shi dala miliyan 4 da dubu 400 a kowace shekara.

Abin koyi a nan shi ne yadda suka jera aikin. Da ma an riga an shirya sayen sababbin manyan injunan sanyaya ginin, masu tsadar gaske. Sai ƙwararrun suka ce a dakata, a fara da rage zafin da yake shiga ginin tukuna. Ginin yana da tagogi 6,514. Maimakon a zubar da su a sayo sababbi, sai aka kafa ɗan wurin aiki a cikin ginin kansa, ana cire taga a raba gilasanta biyu, a wanke, a sa wata siririyar leda mai tare zafi a tsakani, a cika da iskar gas ta musamman, a mayar. An sake amfani da kashi 96 cikin 100 na tsofaffin gilasai da firam. An kuma sa abin tare zafi a bayan na'urorin dumama ɗaki, don kada dumin ya bi bango ya fice waje a lokacin hunturu, aka gyara fitilu, aka ba masu haya hanyar ganin wutar da kowannensu yake sha. Da zafin da yake shiga ya ragu, sai aka ga ashe tsofaffin injunan sanyi sun isa in an yi musu kwaskwarima. Kuɗin da aka tsira da su a nan suka biya kaso mai yawa na sauran aikin, har ƙarin kuɗin da shirin tsimin ya jawo ya tsaya a wajen dala miliyan 13, wanda aka lissafa zai dawo cikin shekara 3.

Yanayin New York ba irin na Kano ko Sakkwato ba ne, amma ƙa'idar ɗaya ce, kuma magina na gargajiya sun san ta tun kafin zuwan lantarki, shi ya sa suke yin soro da katanga mai kauri da ƙananan tagogi. Sakatariyar da aka lulluɓe da gilashi tana fuskantar yamma, aka yi mata rufin kwano babu silin kirki, kome yawan iyakwandishan da aka jera mata ba za ta yi sanyi da araha ba. Inuwa a kan taga, da farin fenti a kan rufi, da toshe kafofin ƙofa su ne farko, sayen inji ya biyo baya. Wanda ya sa farantan hasken rana kafin ya yi wannan, zai sayi farantai da batura fiye da bukatarsa.

Wani abin lura a aikin na New York shi ne irin yarjejeniyar da aka ƙulla. Kamfanin Johnson Controls ya sa hannu cewa in tsimin da ya yi alkawari bai samu ba, shi zai cika giɓin daga aljihunsa. A shekarar farko tsimin ya ma zarce abin da aka yi alkawari. Irin wannan sharaɗi shi ne yake raba mashawarci na gaskiya da dillalin da ya zo da rigar mashawarci don ya sayar da janareto ko batur. Sai dai sharaɗin ba ya aiki in babu awo na farko da ɓangarorin biyu suka amince da shi, domin in ba a san abin da ake sha jiya ba, babu mai iya tabbatar da ragin yau.

A nan ne ofisoshin gwamnati suke da rauni. A watan Fabrairu na 2024 kamfanin rarraba wuta na Abuja ya buga sunayen ma'aikatu da hukumomi 86 da yake bi bashin da ya haura naira biliyan 47, har da fadar shugaban ƙasa, ya yi barazanar yanke musu wuta. Tushen matsalar a fili yake: mai kunna iyakwandishan daban, mai karɓar takardar kuɗi daban, mai biya kuma yana can wata ma'aikata. Magatakardan da a gidansa yake bin yara yana kashe ƙwai saboda mitarsa ta kati ce, shi ne zai tashi ranar Juma'a ya bar fitilu da fanka suna aiki har safiyar Litinin. Ba mugunta ba ce, tsarin ne bai taɓa nuna masa lissafin ba. Lissafin kuwa mai sauƙi ne. Ginin da yake da tsofaffin ƙwai 100 masu wat 60, ana kunna su awa 10, yana shan yunit 60 a rana. In aka maye su da ƙwan LED mai wat 9 da yake ba da kusan hasken ɗaya, yunit 9 zai sha. Bambancin yunit 51 ne, wanda a farashin naira 225 na watan Afrilun 2024 ya kama naira 11,475 a kowace rana, daga fitilu kaɗai.

Ƙasar Ghana ta gwada wannan a faɗin ƙasa. A shekarar 2007, da ruwan madatsar Akosombo ya ja baya aka shiga rabon wuta, gwamnati ta raba wa jama'a ƙwai masu tsimi miliyan 6 kyauta a madadin tsofaffin, kuma Hukumar Makamashi ta ƙasar ta ba da rahoton cewa bukatar wuta a lokacin da aka fi shan ta ta ragu da megawat 124. Wannan ya kai ƙarfin wata tashar lantarki guda, an kuma same shi cikin watanni.

A Nijeriya, Ma'aikatar Lantarki da Ayyuka da Gidaje ta Tarayya ta ƙaddamar da ƙa'idar tsimin makamashi a gine-gine a shekarar 2017, a zamanin minista Babatunde Fashola, tare da taimakon gwamnatin Jamus da Tarayyar Turai. Ƙa'idar ta yi magana a kan girman tagogi da inuwa da rufi da fitilu da injunan sanyi, amma hankalinta ya fi karkata ga ginin da za a yi nan gaba. Sakatariyoyin jihohi da asibitoci da ɗakunan kwanan ɗalibai da aka gina a shekarun 1970 da 1980 kuwa suna nan tsaye, kuma za a ci gaba da biya musu kuɗin wuta shekaru masu yawa. Matakin farko a kansu bai fi ƙarfin kowace jiha ba: mita ga kowane gini, jami'i guda da zai karanta ta ya rubuta a littafi kowane mako, da kuma ɗaliban injiniya na jami'o'i da kwalejojin fasaha, waɗanda da ma dole ne su yi watannin koyon aiki a waje kafin su kammala karatu.