Shara Ba Ta Cika Rumbu

Duk wanda ya bi hanyar Kano zuwa Dambatta, ko ta Bichi zuwa Tsanyawa, a ƙarshen rani, zai ga gonaki sun yi fes. An kwashe kara, an tone tushiya, an tara ƙaya da tarkace an cinna musu wuta. Sharar gona ke nan, aikin 'yan kwanaki. Amma manomin wannan yanki ba ya ɗora fatansa a kan shara. Abin da yake lissafi shi ne tsibin taki: mangala nawa jaki ya kai, amalanke nawa shanu suka ja daga turke zuwa gona. A nan ƙasa ta yi wa jama'a kaɗan, ba mai sararin barin gona ta zama saura. Wadda kaka ya noma ita jika yake nomawa, kowace damina. Tun cikin shekarun 1960 masanin nan ɗan Ingila, Michael Mortimore, ya fara nazarin yadda ƙasar kewayen Kano ke ciyar da wannan ɗimbin jama'a ba ta mutu ba. Abin da ya tarar kowane dattijo a Kunchi ko Makoɗa zai iya faɗa masa: taki, da haɗa gero da wake a kunya ɗaya, da barin gawo a tsakiyar gona.

Abin mamaki, mutumin da ya san wannan a gonarsa, in aka zo batun jikinsa sai ya koma wa shara. Ranar kasuwa mai magani zai girke mota, ga jarkoki cike da wani ruwa baƙi-baƙi, lasifika na amsawa: "Baba, dattin ciki ne ke damunka! Basir, shawara, sanyi, maiƙo, kofi ɗaya ya fatattake su!" Matasa kuma nasu a waya yake. A TikTok da Facebook ana koya wa mata su bar tuwo mako guda, su wuni a kan ruwan ɗumi da lemon tsami da citta, ko shayin rage ƙiba, wai don a fitar da guba daga jiki. Wace guba ce, mene ne sunanta? Ba mai faɗa.

Jiki yana da masu yi masa shara, kuma ba sa hutu. Hanta tana karɓar jinin da ya taso daga hanji, ta warware abin da zai cutar, ta tura shi waje. Ƙoda biyu kuwa suna tace ruwan jini wajen lita 180 a kowace rana, su mayar da kusan duka, su zubar da lita ɗaya zuwa biyu a matsayin fitsari. A 2015 wasu masu bincike biyu, Klein da Kiat, sun bi diddigin abin da aka rubuta a kan irin wannan tsarin cin abinci na fitar da guba, ba su sami wata ƙwaƙƙwarar hujja cewa yana yin abin da ake tallarsa da shi ba. Nauyin da mutum ke gani ya ragu a makon farko galibi ruwa ne, yana komawa tuwo zai dawo.

Da a ce asarar kuɗi ce kawai da da sauƙi. Yawancin magungunan wankin ciki gudawa suke sawa, kamar yadda ganyen filasko ke yi, mai sha kuma sai ya ɗauka dattin ne ke fita. Ruwan jikinsa ne da gishirinsa suke tsiyayewa, a cikin zafin bazara kuwa, lokacin da ƙoda ta fi bukatar ruwa. Tsoho, da mai ciki, da mai ciwon suga da ke shan magani, wannan na iya kai su asibiti ranga-ranga. Ba musu, akwai tsutsar ciki, akwai kuma taurin bayan gida. Na farko yana da ƙwayarsa a asibiti, na biyu kuwa ganye da wake da isasshen ruwa sun fi kowace jarka yi masa aiki.

Gubar gaske tana nan, sai dai ta baki take shiga, kuma a bakin ƙofa ake tare ta. Ɗauki gyaɗa. In an cire ta aka bar ta a jibge a ƙasa mai danshi, ko aka zuba ta a buhu ba ta gama bushewa ba, fumfuna kan kama ta, ta bar wata guba da ake kira afilatoksin. An gano ta ne bayan talotalo wajen 100,000 sun mutu a Ingila a 1960 saboda abincin da aka haɗa da gurɓatacciyar gyaɗa. Tana kama masara ma. Suya da dahuwa ba sa kashe ta, kuma tana jawo ciwon dajin hanta, musamman ga mai ɗauke da ciwon hanta nau'in B. Abin takaici, sau da yawa mai kyan ake kaiwa kasuwar Dawanau, motsattsiya da mai ɗaci a bar wa gida a yi ƙuli-ƙuli da miya. Haka waken da aka yayyafa wa fiya-fiya don gudun ƙwari, alhali ga buhun nan mai hawa uku da ke kashe su da rashin iska kawai. Mutanen Kano ba su manta da 2021 ba, lokacin da gurɓataccen ɗan tsami da garin lemo suka kwantar da ɗaruruwan mutane, wasu suka rasu. In kuwa guba ta riga ta shiga jini, aikin likita ne. A Zamfara a 2010 gubar dalma ta kashe yara fiye da 400. Sai da ƙungiyar likitoci ta MSF ta zo da maganin da ke janye dalma daga jini, aka kuma kwashe gurɓatacciyar ƙasar gidajen.

Takin jiki kuwa ba a nesa yake ba, yana bayan danga: zogale, rama, yakuwa, tafasa, lalo, kuka, kuɓewa. Ga wake, ga fura da nono, ga tuwon gero da dawa da ba a surfe su har suka yi fari fat ba, ga ɗinya da kanya da magarya da yara ke tsinta kyauta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar babba ya ci aƙalla giram 400 na ganye da 'ya'yan itatuwa a rana, gishiri kuma kada ya kai giram 5, wato kamar ƙaramin cokali guda. A nan ne muke da aiki, don dunƙulen da ake murzawa uku-uku a tukunya gishiri ne ya fi yawa a cikinsa, ya kuma ture daddawa gefe. Ga sukarin shayi da lemon kwalba.

Saboda haka, mai karatu, kuɗin da ka ware don jarkar wankin ciki, kai shi asibitin da ke kusa da kai a auna maka hawan jini da suga, a gwada ka ciwon hanta. Uwar gida kuma, kafin ki kai gyaɗa inji, ki baza ta a faifai ki tsince motsattsun ki zubar, kada ki ba yara.