Rama da Kacalla: Kayan Gini daga Gona da Fadama

Daga Maris zuwa Mayu zafi yakan haura digiri 40 a Nguru da Gashuwa. Ɗakin bulo mai rufin kwano yakan sha rana wuni guda, ya riƙa amayar da zafin har tsakar dare, shi ya sa mutane ke fitar da tabarmi tsakar gida. Ginin ƙasa ya fi sanyi, amma yana son yaɓe a kai a kai, kuma ambaliya ba ta yi masa da daɗi. Wannan rubutu zai duba hanya ta uku: bangon da aka yi da karan tsiro da farar ƙasa.

Inda dabarar ta faro

A shekarun 1980 magina a Faransa suka fara gyaran tsofaffin gidajen katako da karan wani nau'in wiwi marar bugarwa. Sukan daddatsa karan ƙanana, su cuɗa shi da farar ƙasa da ruwa, su danna tsakanin alluna biyu. Idan ya kama jikinsa sai a cire allunan, a bar bangon ya bushe na makonni.

Amfaninsa yana cikin ƙananan ramukan karan. Suna riƙe iska, iskar da ke tsare kuwa ba ta barin zafi ya ratsa da sauri. Farar ƙasa tana kare karan daga ruɓewa, ƙwari da wuta. Sai dai bangon ba ya ɗaukar nauyi. Ginshiƙai ne ke riƙe rufi.

Abin da muke da shi

Dokar Nijeriya ta hana noman wiwi, hukumar NDLEA ce ke sa ido a kai. Amma manomi ya san rama. Bayan an jiƙa ta an ɓare bawon don tufka igiya, abin da ke saura shi ne farin kara marar nauyi, wanda yatsa biyu ke karyawa. Cikinsa ramuka ne kamar na karan wiwin, kuma galibi murhu yake ƙarewa.

Ga kuma kacalla. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, tafiyar ruwan kogin Haɗeja ta sauya. Ruwa ya riƙa kwanciya rani da damina a wuraren da a da suke ƙafewa, wannan ciyawa ta samu wurin zama a dausayin Haɗeja da Nguru. Ta toshe magudanai, ta cinye gonakin shinkafa da wuraren kamun kifi, ta zama maɓoyar jan baki masu far wa hatsi. Amma wanda ya tsaga ganyenta zai ga cikinsa kamar soso. A kwarin kogin Senegal, inda ta yi irin wannan ɓarna, an fara haɗa ta da laka ana buga tubali da allunan tare zafi a ƙarƙashin rufi.

Sharuɗɗan aiki

Magininmu ba baƙo ba ne a nan. Ya saba zuba ciyawa cikin ƙasa, a tattake, a bari ta kwana kafin a mulmula tubali. Bambancin shi ne yanzu tsiron ne zai fi yawa. Dole karan ya bushe sarai kafin a cuɗa. A yi aikin da rani. A ɗaga tushe da dutse ko bulo don kada damshi da gara su hau, a bar bakin rufi ya zarce bango, a yi yaɓe da farar ƙasa maimakon siminti domin bango ya riƙa fitar da laima.

Abin da ya rage shi ne gwaji: awon cuɗi, juriya ga gara, da kuɗin kawo farar ƙasa. Jami'ar Tarayya ta Gashuwa, wadda aka kafa a 2013, tana bakin dausayin Haɗeja da Nguru. Idan masana da magina suka gina ɗakunan gwaji, aka auna zafinsu da bazara, masu yankan kacalla za su iya samun kasuwa, iyalai kuma su samu ɗakin da za a iya kwana a ciki a watan Afrilu.